Layin Mata a Ƙofar Jatau

Litinin, 12 ga Nuwamba, 1990, bayan la'asar

Na ciro wannan littafi ne cikin ragowar na 'yan aji huɗu, tunda ba ni da wanda zan faɗa wa. In na faɗa wa Malam, maigidana, zai ce in yi haƙuri. In na faɗa wa Iya, jininta zai hau.

Yau an manna hoton Yaya Nasidi a jikin zauren gidanmu na haihuwa. Na Alhaji Mustapha, yayan Malam, ya yi sati biyu a jikin zauren gidan aurena. Kujera ɗaya suke nema, ta kansilan mazaɓarmu, wannan a jam'iyya ɗaya, wancan a ɗayar. Jam'iyyun ma soja ne suka ƙera mana su guda biyu, suka ce kowa ya shiga wadda ta yi masa. Ni dai ban ga abin da ya bambanta su ba sai launin fenti.

Gidajen biyu baya da baya suke. Zauren su Yaya yana kallon wani lungu, namu yana kallon wani, in za ka zagaya ta waje sai ka bi ta bayan masallaci ka wuce marina, tafiya ce mai ɗan nisa. Amma akwai 'yar ƙofa a katangar da ta raba mu, wadda marigayi Baba ya sa aka fasa shekarar da aka kawo ni gidan nan. Sai an sunkuya ake wucewa. Tun da Iya ta sami shanyewar ɓarin jiki bara, ta nan nake bi sau huɗu a yini, in yi mata wanka, in juya ta, in ba ta koko, in canja mata shimfiɗa. Hajara matar Yaya tana iyakar ƙoƙarinta, amma ga goyo ga ciki, kuma Iya ba ta yarda kowa ya ga jikinta sai ni, autarta.

Na gaji tun ba a fara ba.

Laraba, 14 ga Nuwamba, da hantsi, a ofishin malamai

Rediyo ya sake bayanin yadda zaɓen zai kasance. Babu akwati, babu labule, babu dangwala yatsa a ɓoye. Za a kafa hoton kowane ɗan takara a fili, wanda kake so ka je ka tsaya a bayan hotonsa, a ƙirga ku da baki kowa yana gani. Ƙato bayan ƙato suke ce masa. Wai ta haka ne za a kashe maguɗi.

Malaman nan suna ta yabawa. Ni kuwa na ce a raina, wanda ya ƙirƙiro wannan tsari ba shi da surukai.

Alhamis, 15 ga Nuwamba, bayan magariba

Malam ya shigo da saƙon Alhaji. Alhaji ba ya yi mini magana kai tsaye, ni matar ƙanensa ce, sai dai ya aiko. Saƙon shi ne, duk wanda yake cin hatsin rumbun gidan nan, ranar takwas ga watan gobe bayan hotonsa zai tsaya, mace da namiji.

Malam ya faɗa yana kallon yatsun ƙafarsa. Shekara biyu ke nan da aka rage ma'aikata aka haɗa da shi, tun lokacin kuwa dawar da muke tuƙawa daga rumbun Alhaji take fitowa. Na sani, ya san na sani.

Na ce, “Malam, Yaya fa?”

Ya ce, “Ki yi haƙuri, Sailuba. Yini ɗaya ne.”

Juma'a, 16 ga Nuwamba, da azahar

Babu kananzir ko'ina a birni. Da kara na ɗumama ruwan wankan Iya.

Asabar, 17 ga Nuwamba, da hantsi

Ina fitowa daga ɗakin Iya da kwanon koko na tarar da Yaya a tsaye yana jirana. Ya rame. Rigar da yake yawon kamfe da ita ta Baba ce, Hajara ta rage mata hannu.

Ya ce, “An ce mutumin nan ya aiko miki.”

Na ce, “An aiko, Yaya.”

“To ni ba aike zan yi ba, da bakina zan faɗa miki. Bayan abin da ya yi mini ranar rabon taki, in na ɗaga ido na gan ki a bayan hotonsa, wallahi magini zan kira. Ƙofar can Baba ya fasa ta don 'yarsa, ba don mutanen Mustapha ba.”

Na ce, “Iya fa? Wa zai juya ta?”

Ya ce, “Sai ki tuna da haka kafin ki zaɓi layi.”

Maganar taki ba zan rubuta ta ba. Kowa a unguwar nan ya san an yi, kowa kuma da irin yadda yake ba da labarin. Abin da na sani shi ne, mutanen nan biyu allo ɗaya suka yi karatu a zauren Baba, yau kuma in ɗaya ya shiga sahun gaba a masallaci, ɗayan sai ya koma na uku.

Yaya ba mai rantsuwa a banza ba ne. Abin da ya tsorata ni ke nan.

Litinin, 19 ga Nuwamba, bayan la'asar

Maganin hawan jinin Iya ya ƙare. Kemis uku Malam ya zaga, babu. Mai na ukun ya ce tun da Naira ta faɗi ba a kawowa, in an kawo ma sai wane da wane. Na koma raba ƙwayar da ta rage biyu, rabi da safe, rabi gobe.

Dukkansu biyu, Yaya da Alhaji, sun yi alkawarin cika asibitin unguwa da magani idan sun hau. Kansila ne fa. Ko kwalbatin bakin marina ban tabbata za a bar shi ya gyara ba.

Laraba, 21 ga Nuwamba, da safe

Matan jam'iyyar Alhaji sun shigo rabon sabulu, sanda ɗaya ga kowace mace. Na su Yaya gishiri suka raba jiya, ƙulli ɗaiɗai. Matan unguwa sun karɓi duka biyun sun yi godiya duka biyun. Da can, in ka karɓa ka shiga bayan labule, kai da Allahnka. Yanzu mai sabulu zai tsaya yana duba fuskar kowa.

Na yi wa Iya wanka da sabulun Alhaji. Ban gaya wa kowa ba.

Alhamis, 22 ga Nuwamba, bayan azahar

Na ce wa Hajara ina ganin ranar zan kwanta in ce zazzaɓi nake yi. Ta yi dariya har goyonta ya farka.

Ta ce, “Malama, ai wanda bai zo ba shi aka fi gani. Yayanki zai ce kin guje shi, Alhaji zai ce kin guje shi. Zazzaɓi ɗaya, laifi biyu.”

Gaskiyarta. Na gaji.

Juma'a, 23 ga Nuwamba, da safe

Na gaji.

Litinin, 26 ga Nuwamba, bayan an tashi makaranta

Alhamdu lillahi. Allah ya kawo mafita ta inda ban zata ba.

Hedimastanmu, Malam Ɗanjuma, ya tara mu ya ce hukumar zaɓe tana neman malamai su yi aikin rumfa. Kowa ya noƙe, don an san aikin rana ce da zagi. Wani ya tambaya ko ma'aikacin zaɓe zai shiga layi shi ma. Hedimasta ya ce a'a, mai ƙirga ba ya tsayawa a bayan kowa.

Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Har sai da malaman suka juyo suna kallona, ni da ko taron iyayen yara sai an ja ni. Na bi hedimasta ofis na roƙe shi ya sa a tura ni nesa, Tudun Wada ko wani ƙauye, inda ba wanda ya san sunan ubana. Ya ce zai yi magana.

Na dawo gida da sauri kamar yarinya. Na dama wa Iya koko, na zuba mata ragowar sukarin da nake ɓoyewa.

Alhamis, 29 ga Nuwamba, da la'asar

Bita muka yi yau a sakatariya. Abin da na riƙe: tantancewa daga ƙarfe takwas zuwa sha ɗaya, a duba kati a duba rajista a buga hatimi. Sha ɗaya na bugawa a rufe. Wanda ba a buga wa hatimi ba, ba a ƙirga shi, ko wane ne. Mai koyarwar ya maimaita “ko wane ne” sau uku. Bayan haka a ja layi, mai ƙirga ya bi yana taɓa kafaɗar kowa yana faɗin lamba da ƙarfi, wakilan jam'iyyu biyu suna biye da shi.

Sauƙi ne. Shekara goma sha huɗu ina ƙirga yara a layin asambule.

Asabar, 1 ga Disamba, da azahar

An kafe sunaye. Makarantarmu aka ba ni. Rumfarmu, ta Ƙofar Jatau, layin mata.

Hedimasta ya ce ya yi magana, amma dattawan unguwa sun ce ba za su bar matansu su fito ba in namiji ne zai riƙa taɓa kafaɗarsu, kuma ana son wadda ta san fuskokin matan, don kada a shigo da baƙi cikin lulluɓi. Wace ce ta san matan Ƙofar Jatau kamar Malama Sailuba, wadda aka haifa a nan aka aurar a nan? Yana faɗa yana murmushi, shi a ganinsa yabo ne.

Lahadi, 2 ga Disamba, bayan la'asar

Labari ya isa gidajen biyu. Alhaji ya aiko Malam da goro ya ce madalla, mai ƙirga tamu ce. Yaya ya tare ni a tsakar gida fuskarsa a sake, rabon da in ga haƙoransa tun kafin damina, ya ce, “Yanzu hankalina ya kwanta, jinina ce a kan layi.”

Da dukkansu sun yi fushi da na fi samun barci.

Talata, 4 ga Disamba, da safe

Iya ta ji. Kunnenta ya yi nauyi tun ciwon nan, amma abin da take son ji tana ji. Ina goge mata baya ta kama hannuna da hannunta mai lafiya. Maganarta a karye take fita, sai wanda ya saba.

“Auta. Ke za ki ƙirga?”

Na ce ni ce, Iya.

“Zan je.”

Na ce sanyi, na ce taro, na ce jikinki. Ta girgiza kai. Iya ba ta taɓa yin zaɓe ba. Sau biyun da aka yi a baya Baba yana da rai, shi kuwa bai yarda matarsa ta fita irin wannan ba. Bana Yaya ya kai ta aka yi mata rajista, don a lokacin kowane suna yana da amfani a wurinsa. Ta ce ɗanta na tsaye, 'yarta na ƙirga, ita kuma tana kwance kamar buhun dawa? Za ta je.

Na ce wa Hajara ta gaya wa Yaya, in har za a kawo ta, a kawo ta kafin sha ɗaya. Na ce ta maimaita masa. Kafin sha ɗaya.

Alhamis, 6 ga Disamba, da la'asar

An fasa gilashin motar kamfe a bakin kasuwa. Ban tambayi ta wa ba.

Juma'a, 7 ga Disamba, bayan magariba

Na wanke wa Iya kai na yi mata kitso guda huɗu. Ta sa Hajara ta ciro mata mayafinta na Makka daga ƙasan adaka. Ina kitson tana ta murmushi da rabin bakinta. Na sake cewa Hajara, kafin sha ɗaya. Ta ce ta faɗa masa, ya ce ya ji.

Allah ka raba mu da gobe lafiya.

Asabar, 8 ga Disamba, da la'asar

An yi, an gama. Ba zan rubuta ba.

Lahadi, 9 ga Disamba, da hantsi

Alhaji ya ci. Tun jiya ake kiɗa a ƙofar gida. An yanka rago, an aiko mini da nawa kason a kwanon sha, ƙashi ya fi yawa. Matan gidan ba sa yi mini magana saboda Gwaggo Adama. Zan zo kan wannan.

Da asuba na je ƙofar tsakani na tarar an sa mata sakata ta can ɓangaren. Na ƙwanƙwasa a hankali. Na ji takun Hajara ta zo ta tsaya, ba ta buɗe ba. Ta ce ta cikin katako, “Malama, ya hana. Na juya ta, ta sha koko kaɗan. Ki yi haƙuri.”

Kowa haƙuri yake ba ni, kamar shi ne abin da na rasa.

Na wanke kayan Malam. Na share ɗaki sau biyu.

Litinin, 10 ga Disamba, bayan an tashi makaranta

Na dawo na ji ana kwaɓa ƙasa a bayan katanga. Na zauna a kan turmi ina sauraro. Magini yana aiki yana 'yar waƙarsa, shi aiki ne ya samu. Ana jera tubali, hasken da ke shigowa ta ƙasan ƙyauren yana raguwa, har ya ɗauke.

Ban yi kuka ba. Malam ya leƙo ya gan ni, ya koma.

Talata, 11 ga Disamba, da hantsi, a aji, yara suna rubutu

Bari in rubuta, ko zan samu ya sauka daga ƙirjina.

Tantancewa ta tafi lafiya. Mata sun fito fiye da yadda aka zata, waɗansu ma rabonsu da ganin filin makarantar nan tun suna 'yan mata. Ina duba kati ina buga hatimi, idona yana kan ƙofar makaranta. Tara, babu Iya. Goma, babu Iya. Sha ɗaya ta buga, hedimasta, wanda shi ne shugaban rumfa, ya ce a rufe. Na rufe rajista na ce a raina alhamdu lillahi, Yaya ya yi hankali ya bar ta a gida.

Minti goma bayan haka sai ga Gwaggo Adama, ƙanwar mahaifin su Malam, tana dogara sanda tana haki. Wakilin Yaya ya yi tsalle ya ce lokaci ya wuce. Ta dube ni ta ce, “'Yar nan, ni ce fa.” Na ce, “Gwaggo, ki gafarce ni, an rufe.” Ta juya tana faɗin abin da ba zan rubuta ba. Wakilin Alhaji ya haɗiye, amma na ga ya ajiye abin a ransa.

Aka kafa hotuna, aka ja layi. Ana cikin haka sai na ga mata suna darewa. Yaya ne, da kansa, ɗauke da Iya a bayansa, Hajara na biye da kujera. Ɗan takara guda, da babbar riga, ya goyo uwarsa a gaban jama'a. Ya zaunar da ita a tsakiyar layinsa na mata, ya gyara mata ƙafa. Waɗansu matan har da guɗa.

Na je wurinsa na ce a hankali, “Yaya, na ce kafin sha ɗaya.”

Ya ce, “Awa uku kike so ta yi a zaune cikin mutane? Kin fi kowa sanin ba ta iya riƙe fitsari. So kike ta ji kunya a gaban matan unguwa? Na kawo ta daidai lokacin ƙirga, ki taɓa ta in mayar da ita. Ke ce fa a wurin.”

Wallahi gaskiya ya faɗa. Da ni ce shi, abin da zan yi ke nan.

Wakilin Alhaji ya iso teburi kafin in iso. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Malama, dokar da ta kori Gwaggo Adama tana nan ko ta tafi cin abinci?” Na dubi hedimasta. Hedimasta ya dubi takardunsa, ya ce layin mata nawa ne, shi ba ya shiga sha'anin mata.

Na fara da layin Yaya. Ɗaya, biyu, uku, ina taɓa kafaɗa, wakilai biyu a bayana, ɗan sanda a gefe. Bakina yana ƙirga, idona yana kan farin mayafin Iya. Talatin da biyar. Talatin da shida. Sai ga ni a gabanta.

Ta ɗago tana kallona, katinta a hannunta mai lafiya, ta riƙe shi sama yadda ta ga sauran sun yi. Mayafin ya zame daga kafaɗar da ta mutu. Na durƙusa na ja shi na rufe mata, na daɗe ina gyarawa fiye da yadda gyaran yake bukata. Ban faɗi lamba a kanta ba. Na miƙe, na taɓa kafaɗar wadda ke bayanta, Mairo mai ƙosai, na ce talatin da bakwai.

Ban waiwaya ba. Na ƙirga har ƙarshe, na koma layin Alhaji na ƙirga, na sa hannu a takarda. Da na ɗago, kujerar ba kowa.

A mazaɓa gaba ɗaya Alhaji ya ba Yaya ratar sama da mutum ɗari biyu. Ko sau ɗari na ƙirga Iya ba zai ci ba. Na yi ta juya wannan a raina kwana uku, ban san ko sauƙi yake kawo mini ko ƙari ba. Abin da na sani, da na ƙirga ta, da kafin la'asar an ce Malama Sailuba ta yi wa yayanta maguɗi, da an soke rumfar, da sunan Baba ya shiga bakin 'yan kasuwa. Haka nake gaya wa kaina. Wani lokaci kuma ina ganin tsoro ne kawai ya kama ni.

Yara sun gama rubutu, suna ta kallona.

Laraba, 12 ga Disamba, da la'asar

Alhaji ya ji an toshe ƙofa ta can, ya ce ba za a ce shi aka rufe wa ƙofa ba. Ya kira nasa maginin ya toshe ta nan ma, har da yaɓe. Yanzu ƙyauren Baba yana tsakiyar katanga biyu. Aikin farko ke nan da sabon kansila ya yi wa mazaɓa.

Alhamis, 13 ga Disamba, da safe

Hajara ta aiko wata maƙwabciya ta same ni a makaranta. Iya ta ƙi wanka tun ranar Asabar. Ta ce sai Auta. Bayanta ya fara ja a inda take kwanciya.

Na gaya wa Malam zan zagaya ta waje. Ya ce in bari abubuwa su lafa, Alhaji ba zai ji daɗi ba a ga matar gidan tana shiga can a satin nan. Na ce to.

Juma'a, 14 ga Disamba, bayan la'asar

Ban bari sun lafa ba. Da maza suka tafi masallaci na ɗauki mayafi. Malam bai riga ya fita ba, yana ɗaura agogo. Na ce, “Malam, zan je in wanke uwata.” Ba tambaya na yi ba, shi ma ya ji haka. Ya daɗe yana fama da maɗaurin agogon, sannan ya ce in gaishe ta.

Na bi ta bayan masallaci, na wuce marina. Shekara goma sha biyu rabon da in shiga gidanmu ta zaure kamar baƙuwa. Hoton Yaya yana nan a bango, an yage rabinsa.

Yaya yana zaune a zaure shi kaɗai, bai tafi masallaci da wuri ba yadda ya saba. Na durƙusa na gaishe shi. Ƙafafunsa a miƙe suke sun tare hanya, na tsaya ina jira. Can ya janye su. Har na kai ƙofar ciki ya yi magana, ba tare da ya dube ni ba.

“Ban gaya mata ba. Ba wanda ya gaya mata. Ke ma kada ki soma.”

Ɗakin yana wari. Na ɗumama ruwa, na wanke ta, na shafa mata man kaɗanya a inda ya yi ja, na canja shimfiɗa. Ta rame cikin kwana shida. Ba ta tambaye ni inda na shiga ba, Hajara ta ce mata aikin zaɓe ne ya riƙe ni a sakatariya. Ƙofa kuwa an ce mata katanga ce ta tsage ake gyara.

Ina ba ta koko tana kallona, irin kallon da take yi mini ranar da na kawo takardar gama makarantar horon malamai. Ta ce Nasidi bai ci ba, haka Allah ya so, amma ita ta yi nata. Ta ce duk matan unguwa sun gani, 'yarta ta ƙirga kowa a tsaye, da ta zo kan uwarta sai ta durƙusa. Ta ce hayaniya ta hana ta jin lambar.

Ta kama hannuna. “Auta, ni ce ta nawa?”

Cokalin yana hannuna. Hajara tana bakin ƙofa, ta sunkuyar da kai.

Na ce, “Ta talatin da bakwai, Iya.”

Ta maimaita a hankali, sau biyu, don kada ta manta. Sannan ta buɗe baki na ba ta sauran kokon.